Saura Mako Biyu

Lahadi, 1 ga Oktoba
Taron Lahadi. Injiniya Medhat ya tsaya gaban allonsa yana bin mu ɗaya bayan ɗaya, kore ko ja. Kore aiki na tafiya, ja akwai matsala. Tun ranar da ya zazzage Usta Gaber, babbanmu, a gaban yara don ya ce ja, ba wanda ya ƙara faɗa. Ni da nake jan waya na san hawa na uku na sabon asibitin nan na Iskandariyya ko bututu ba a gama sawa ba. Na ce kore. Wai saura mako biyu a haɗa kwamfutoci a miƙa aiki. Ba hutu sai an miƙa.

Talata, 3 ga Oktoba
Sabah ƙanwata ta kira daga ƙauyenmu a Sohag. Ciwon suga ya gama da idon Inna na hagu, na dama ma ya fara hazo. Inna ta karɓi wayar, ta ce ta ware mini agwagwa tana ɗura mata wake.
"Ka zo in gan ka tun ina gani, Hamada."
Na ce saura mako biyu.

Alhamis, 12 ga Oktoba
Mai asibitin ya zagaya, ya ce yana son kyamara a kowane lungu. Injiniya ya ce an gama, ranka ya daɗe. Aiki ya ƙaru, ranar miƙawa tana nan inda take.

Lahadi, 22 ga Oktoba
Kore. Saura mako biyu.

Litinin, 30 ga Oktoba
An ƙaro mana sababbin ma'aikata don a yi sauri. Yini na yi ina koya musu, ɗaya kuma ya datse layin da na ja jiya. Usta Gaber ya ce Injiniya ya ga tukunya ba ta nuna ba sai ya ƙaro ludayi. Mun yi dariya, ni dai ta fatar baki.
Ashe na'urorin ma suna tashar jirgin ruwa tun bazara, kwastan ba su sake su ba. Mai sito ya sani. Shi ma kore yake cewa.

Laraba, 8 ga Nuwamba
Na nemi a bar ni in leƙa gida. Injiniya ya dafa kafaɗata, ya ce duk cikinsu ni ne mai haƙuri, kada in ba shi kunya. Ina tsaye mai kamfani ya kira shi. Na ji shi ma yana cewa komai kore ne. Ba mugu ba ne. Tsoro ne, daga sama har ƙasa kowa na miƙa wa kowa.

Juma'a, 17 ga Nuwamba
Sabah ta ce agwagwar ta yi ƙiba har ba ta iya tafiya. Sannan ta ce jiya da azahar Inna ta ce a kunna fitila.

Asabar, 25 ga Nuwamba
Na hau jirgin ƙasa ban tambayi kowa ba. Na sami Inna zaune a bakin ƙofa. Na yi sallama, ta juya wajen da ba na nan. Da hannu ta bi fuskata, goshi, hanci, har gemun da ba ta taɓa gani ba.
"Ka rame, ɗan nan. Ba sa ba ku abinci a Iskandariyya?"
An yanka agwagwar. Ta tsufa, naman ya yi tauri. Na cinye duka, Inna tana sauraren taunata.

Lahadi, 3 ga Disamba
Ba a kore ni ba, ba su da mai jan waya. A taro da aka zo kaina, ban san abin da ya shiga bakina ba, na ce ja. Na ce hawa na uku ba zai ƙare ba kafin Fabrairu. Can Usta Gaber ya yi gyaran murya ya ce shi ma ja. Mai sito ma. Injiniya bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana kallon allon, ya goge shi, ya ce kowa ya faɗi abin da ya rage masa na gaskiya.
Ba wani abu ba ne. Gajiya ce kawai, ina jin.
Da yamma Inna ta tambaye ni a waya yaushe zan dawo. Na ce ban sani ba tukuna, Inna. Ta ce to, gara haka, sai ta daina zaman bakin ƙofa.