Hirar da Beyar Ta Tilasta Mana

Calgary, watan Satumba

Zuwa ga Yayata Rosalind,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata ciwon ƙugunki ya lafa, mijinki Gordie kuma ya haƙura da hawa rufin gida da shekarunsa. Allah ya ƙara muku lafiya. Mu ma lafiya lau. Autarmu Tess ta tafi jami'a, takan bugo waya idan ta tuna tana da iyaye.

Tun tafiyarta gidan ya yi tsit. Kin san halina, ina cin abinci da littafi jingine a kwalbar barkono, matata Marlene na gefe da saƙarta. Ashe yarinyar ce ke kai magana tsakaninmu. Ban farga ba sai ranar da Marlene ta ce tana so ta je wurin ƙanwarta a birnin Victoria ta yi hunturu sukutum, ba ta kuwa ce in zo ba. Na ce to. Iyakar amsar da mutumin da ya karanta littattafai cike da ɗaki ya samo ke nan.

Ranar Asabar ta ja ni wani ɗan gari a gindin duwatsu, wai mu hau dutse kafin ta tafi. A shagon kayan tafiya na ɗauki 'yar ƙararrawar nan da ake ratayawa a jaka don korar beyar, ƙatuwar dabbar dajin nan mai haɗari. Tsohuwar da ke shagon ta ce in ajiye, wai beyar in ta ji ta ɗauka take an kira ta cin abinci. Ta ce lokacin kaka ne, dabbobin suna neman ƙiba kafin sanyi, kuma muryar mutum ce ke sa su kauce. Mu yi ta magana da ƙarfi, kada mu yi shiru. Marlene ta dube ni sama da ƙasa ta ce mata, "Baiwar Allah, sai dai ki sa mu a addu'a."

Da muka kama hanya na fara da abin da na sani: tarihin haƙar kwal a kwarin, da sunayen itatuwa. Ta ce, "Malam, in ka ci gaba haka beyar za ta fito ne don ta cece ni." Ba a jima ba ilimin ya ƙare, muka koma shirunmu na gida. Sai ga kashin beyar a tsakiyar hanya, sabo, yana tururi. Marlene ta damƙe hannuna ta ce in yi magana mana. Kawai na ji bakina ya ƙwala wa itatuwa cewa ba na so ta tafi Victoria. Ita ma da ihu ta tambayi me ya hana ni faɗa tun farko. Na ce ba ta tambaye ni ba. Ta ce har yaushe za ta yi ta tambayar bangon littafi? Haka muka hau dutsen nan muna amayar da abin da ya taru. Wasu matasa suka wuce mu, suka yaba mana, wai haka ake so a yi a hanyar beyar.

A sama muka ci burodi da cuku muna kallon tafki. Ta ce Victoria dai za ta je, amma tare da ni, muddin na daina karatu a teburin abinci. Na amince. Jiya na ci abinci ina kallon matata. Ashe ta daina rina gashinta, furfurar kuwa ta yi mata kyau. Na faɗa mata. Ta ce, "Tun bara, Malam."

Ki gaishe da Gordie, da Neil da matarsa, da Inna Doreen in kin leƙa ta.

Ƙaninki,
Wendell