Sun Rufe Tsakar Gidanki, Mma

Zuwa ga mahaifiyata, Mma Hajara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar 'ya ga uwarta, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Ni ce Rabi, autarki, wadda kika yi ta sayar da koko da ƙosai a bakin titin unguwarmu Nima har ta karanta zanen gine-gine. Labarin gida na kawo miki, kuma ba mai daɗi ba ne.

Kin tuna tsohon ɗakinmu mai taga ɗaya tak, mai kallon lungu? In an buɗe, kowane mai wucewa sai ya leƙo. In an rufe, sai an kunna fitila da rana tsaka. Kina yawan cewa, "Rabi, in kin zama wani abu, ki zana mini gidan da zan tuɓe mayafi in sha hantsi, ba idon kowa a kaina."

Na zana, Mma. Bayan rasuwarki 'yan'uwa suka yi shawarar a rushe tsohon gida a tayar da bene, na ce zanen nawa ne. Bangon waje na yi masa ƙananan tagogi can sama, inda ko dogon mutum ba ya kaiwa. Manyan tagogin duk na juya su ciki, suna kallon tsakar gida da na bari a buɗe har sama. Haske zai shigo, na waje ba zai ga komai ba. Ranar da na nuna musu har da tafi.

Daga nan fa kowa ya tuna shi ma magaji ne. Yaya Sani ya bugo waya daga Jamus, wai sai an ba shi ɗaki da falo a ƙasa, shi da rabonsa da kwana a Nima tun ina firamare. Aka gutsuri tsakar gida aka ba shi. Yaya Balki ta ce ita ma ba a bola aka tsinto ta ba. Aka sake gutsura. Abin da ya rage bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, na ce to, ko shi ne a bar mini, rana za ta sauko ta nan.

Ina! Yaya Sani ya ce barin fili a buɗe a Nima almubazzaranci ne, a rufe a ɗora wani ɗaki. Na yi magana har muryata ta dushe, na yi kuka a gaban magini ba kunya. Amsar da na samu ita ce, "Ke da kike gidan mijinki a unguwar Maamobi, ina ruwanki?"

Ina tsaye a wurin kafinta ya riƙa jera katako a sama, har ɗan shuɗin samaniya da ya saura ya ɓace. Washegari aka zuba kankare. Kin san kankare ba ya jin ba haƙuri.

Yanzu manyan tagogina bango suke kallo. Matan gida in za su tsince shinkafa ko su yi kitso, sai su yafa mayafi su fita bakin ƙofa, duk Nima na kallonsu. Ba haske, ba sutura. Wallahi tsohon ɗakinmu ya fi, shi aƙalla in an buɗe taga ana ganin rana.

Ƙanwarki Inna Asabe aka ba ɗaya daga cikin ɗakunan ƙasa. Jiya na kai mata abinci, ko azahar ba a kira ba. Na same ta ta yi alwala tana zaune a kan sallaya. Ta ɗago ta ce, "Rabi, yau ladan bai kira magariba ba ne?" Na ajiye kwano, na zauna kusa da ita a cikin duhun.

Na gaji, Mma. Kullum ina zana wa mutane gidaje masu haske, naki kuwa na kasa kare shi, kuma ba ni da ƙarfin fasa abin da aka gina.

Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki. Allah ya yalwata kabarinki, ya cika shi da haske, ya ba ki a can abin da 'ya'yanki suka hana ki a nan.

Taki har kullum,
Rabi