Da Makiyayinki Aka Tokare Ƙofar Sito

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙauna,

Bayan gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, ina fatan kina cikin hutun da Ubangiji ya yi wa bayinsa alkawari. Mu nan Damilu lafiya muke. Baba yana zuwa ofis, ni kuma na shiga aji biyar. Dalilin wannan wasiƙa shi ne in sanar da ke abin da ya sami mutum-mutumin da kika gina wa coci, domin na kasa faɗa wa kowa da baki.

Kin tuna yadda muke fara aikin Kirsimeti tun ruwa bai gama ɗaukewa ba? Maƙwabcinmu Bappa Hammadu ya sauke mana buhun yumɓu daga Ngurore, ke kuma ki aike ni wurin masu shayi in roƙo tsofaffin kwalayen ƙwai, ina jin kunya kamar in nutse. Mu yayyaga su, mu jiƙa a baho har su ruɓe, Baba yana mita wai gidansa ya koma kwata. In daka a turmi, ki cuɗa da yumɓun. Kina cewa, "Yumɓu shi kaɗai girman kai gare shi, yana bushewa sai ya tsage. Takarda ce ke koya masa haƙuri."

Da wannan haɗin kika gina duk waɗanda ake jerawa a gaban coci: Maryamu, Yusufu, Jariri a komin dabbobi, jaki, tumaki da makiyayinsu. Ba ki taɓa gasa su ba, a inuwa suke bushewa. Makiyayin kuwa kika yi masa malfa da dogon hanci, yara na ganinsa suka ce Bappa Hammadu ne. Shi da masallaci ya sani, sai da ya zo bakin ƙofar coci ya leƙa, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce kin rage masa gemu.

Ranar da muka kai ki makwanci, Anti Saratu, shugabar zumuntar mata, ta fi kowa kuka. Ta rungume ni a gaban jama'a, ta ce aikin hannunki ba zai bar gaban coci ba muddin tana numfashi.

Tana nan tana numfashi, Mama.

Lahadin da ta wuce aka buɗe kwali a gaban ikilisiya, aka fito da sababbi na roba daga kasuwar Jimeta, masu sheƙi, fuskokinsu duk iri ɗaya. Aka yi tafi, aka yi guɗa. Da aka tashi sai na zagaya sito neman naki.

Makiyayin na fara gani. Da shi aka tokare ƙofar don kada iska ta rufe ta, malfar ta fita, hannu ɗaya babu. Sauran suna jibge a kusurwa, daidai inda kwano ke yoyo, damina guda ta sauka a kansu. Tumakin sun narke sun haɗe wuri ɗaya. Gara ta bi takardar da ke jikin Yusufu ta cinye shi ta ciki, ina ɗaga shi ya rugurguje a hannuna.

A durƙushe Anti Saratu ta same ni. Ta ce in yi haƙuri, ai ƙasa ce, kuma coci ta ci gaba. Kin san halina, na ce to. Na ari bokitin shara na kwashe su, na ɗauko a ka har gida. Baba ya leƙa bokitin, ya shige ɗaki, ranar bai ci tuwo ba.

Ke kika koya mini cewa wannan haɗin, tunda bai ga wuta ba, in an jiƙa shi zai koma ɗanye. Na jiƙa Yusufu da tumakin, sun yi laushi, zan sake gina su yadda na iya. Amma makiyayin na kasa sa shi a ruwa. A bayan kafaɗarsa akwai shatin babban yatsanki, inda kika riƙe shi kina gyara masa wuya. Mama, zannuwanki an raba, muryarki ta fara ɓace mini, wannan ne ya rage. Na ɗora nawa yatsan a kai, bai cika wurin ba.

Sai na dama yumɓu kamar kunu, na liƙa masa hannu yadda kike yi. Malfar da na yi ta karkace. Bappa Hammadu ya gani, bai yi dariya ba, ya ce kawai zai kawo mini buhu.

Jiya Anti Saratu ta aiko, wai in na gyara su a kai ajin yara su riƙa wasa da su. Na ce wa ɗan aiken a'a. A barandarmu za su tsaya bana, wanda yake son ganinsu ya san gidan.

Na san za ki ce in yafe. Ina ƙoƙari, Mamana, ban kai wurin ba tukuna.

Ubangijin da ya gina mu da ƙasa ya riƙe ki a hannunsa, kada ya bar ki inda ake yoyo. Ni kuma ya sassauta mini zuciya kafin ta tsage. Amin.

Taki har mu sake haɗuwa,
Rahila, mai daka miki takarda.