Warin Daddawata a Badi'a

Yaya Hansai,

Salamu alaikum. Ya jikin Inna, ya yara? Muna lafiya a Riyad, zazzaɓin ma ya sake ni, kada ki gaya mata.

Jiya ina kaɗa miyar kuka, maƙwabcinmu likita, Bahaushe ɗan Gumel, ya ƙwanƙwasa ƙofa yana toshe hanci. Wai warin daddawata ba "neighbourly" ba ne, zai kai ƙarata wurin mai gidan. 'Yata Kamila ta ce kalmar tana nufin abin da ya dace da zaman maƙwabtaka.

Tir! Duk kwanciyar da na yi bai leƙo ya ce sannu ba. Sai daddawar da ta raine shi ce ta nuna masa ƙofata.

Don Allah ki aiko mini da wata, wadda ta fi wari.

Ƙanwarki,
Huseina