Baƙin Bel ɗin Baba

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyalinka, Allah ya ƙara lafiya ya tsare mana kai. Mu ma lafiya lau muke, sai gwiwar Baba da ta matsa masa. Yanzu a kujera yake zama bakin ƙofar zaurensa na horon kareti, yana ba da umarni da sanda. Umma na nan da halinta, ba ta kallon wasanka. Ɗaki take shigewa da carbinta, sai an gama ta leƙo ta tambaya ko haƙoranka na nan.

Mun ga nasarar da ka yi, Allah ya ƙara ɗaukaka. Ai ba yadda za a yi mu ƙi gani, tunda Baba ya sa an sauke madubin bango an rataya hotonka a wurin, daga kai sai gajeren wando. Mutumin da ya daina kiran sunanka don ka ajiye farar rigar kareti ka koma damben naushi da shuri, yau shi ke tare mai gyaran famfo ya nuna masa kai a waya. Ni kuwa da nake buɗe zauren kowace safiya, nake ɗinke buhun naushi in ya fashe, abin da nake samu shi ne wai tabarma ta yi ƙura.

To, ga dalilin wasiƙar. Makon jiya Baba ya kira ni ɗakinsa, ya ciro baƙin bel ɗinsa daga akwati, wanda ya koɗe har ya kusa komawa fari. Ka san tun muna yara nake sa masa ido. Wallahi har na miƙa hannu biyu, na fara shirya godiya. Sai ya ce in naɗe shi da kyau in aika maka kafin karawarka ta wata mai zuwa. Na ce masa a sana'arka ba a ɗaura bel, ko a kan gajeren wandon za ka ɗaura? Ya ce ba shawarata ya nema ba. Auta, ba zan ɓoye maka ba, kishinka nake yi, kishin da har abinci ya daina yi mini daɗi. Ni na koya maka tsayuwa. Cinyata ka yi ta shuri har ka iya, kuma har yau takan tuna mini da kai in sanyi ya shigo.

Kishin nan ne ya sa na zauna da bidiyon wasanka ina ta maimaitawa, ina neman aibu. Matata ta ce ko ita ban taɓa kallonta haka ba. Kuma na samu. In ka gaji a zagayen ƙarshe, hannayenka sauka suke yi su koma ƙirji, kamar yadda Baba ya koya mana. A karetinmu ba a naushin fuska, don haka muka tashi muna tsare haƙarƙari, muna barin haɓa a buɗe. Safar dambe ta rufe maka hannu, amma ba ta canja masa hali ba. Da na nuna wa Baba, murna ya yi, wai ga tsayuwarsa nan ba ka manta ba. Dogon nan da za ka kara da shi kuwa na kalli nasa wasannin. Ba ya gaggawa, jira yake mutum ya gaji, sannan ya aiko da hagu.

Ga bel ɗin nan a cikin ƙunshin, na naɗe shi da hannuna ina ƙunƙuni. Ka rataye shi a bango, ka sumbace shi in ka ga dama, amma kada ka hau dandali da darasin mai shi. Ka nuna wa kocinka abin da na faɗa, ya sa a yi ta kai maka naushi a fuska bayan ka gaji, har hannun ya koyi zama a sama.

Umma na gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci. Baba ya ce ka sa a ɗauke ka hoto da bel ɗin, na san kuma inda za a rataya shi. Ka gaishe mini da amarya da 'yarka, uwata ƙarama, ka ce mata Baba Babba zai koya mata kareti na gaskiya.

Ka ɗaga hannunka, Auta. Na saba da kishinka, zan iya da shi har tsufa. Tausayinka ne ba na so in fara.

Naka,
Yayanka