Tsuntsun da Ke Zagaye Bishiya

Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ya aikin asibiti?

Kyamarar da kika saya mini ranar da na ajiye tuƙin bas ba ta kwana banza ba. Na ɗauki kurciya, na ɗauki hankaka, amma ɗan banzan nan ya gagare ni. Ƙaramin tsuntsu ne, kalarsa ɗaya da ɓawon itace, bakinsa siriri a lanƙwashe. Daga gindin bishiya yake farawa, ya riƙa hawa yana zagayawa kamar ɓera. Da ya hango mutum sai ya koma bayan itacen. In na zaga, ya zago. Hotunan wutsiyarsa kam, na tara su sun ishe ni.

Ga abin da ke damuna. Bishiyar nan da ke kan iyakarmu da maƙwabcina Kafinta ita kaɗai yake zuwa. To Kafinta ya rantse zai sare ta, wai ganye yana zubo masa a kan kujeru fenti bai bushe ba. Mun yi cacar baki, yanzu ko gaisawa ba ma yi. In bishiyar ta faɗi, tsuntsun ya tafi ke nan.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki

Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, ya ƙarfin jiki?

Wallahi na yi dariya har abokan aikina suka leƙo. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana juya ƙatuwar bas a lungu, yau ɗan tsuntsu ke juya shi!

Amma Baba, don Allah ka sassauta. Kawu Kafinta ne fa ya haɗa mini teburin karatu ina 'yar firamare. Ka je ka same shi, ka ce za ka riƙa share ganyen. Na san ka, ka fi son a sare bishiyar da a ce kai ka fara sallama. Kuma ka daina zagayen nan da gwiwarka mai ciwo.

Ka huta lafiya.
'Yarka

Uwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Zauna tukuna kafin ki buɗe ƙaramin ambulan ɗin.

Kin gani? Dubi idon nan! Dubi farata a cikin ɓawo, dubi ɗan ƙwaro a bakinsa. Babu dishi-dishi ko kaɗan. Babanki ne ya ɗauka, da hannun nan da kuke cewa yana rawa. Ina alfahari, ba zan ɓoye ba.

Ban je ba shi haƙuri ba, kada ma ki tambaya. Da safe na ji yana wasa zarto, na ce to bari in yi bankwana da tsuntsuna. Gwiwa ta hana ni zagaye, sai na kafa kujera, na saita kyamara a kan itacen na zauna. Tsuntsun na can baya yadda ya saba. Sai ga Kafinta ta wancan gefen da zarto a kafaɗa, yana cewa, “Direba, ɗauke kujerarka kada reshe ya faɗo maka!” Tsuntsun na ganinsa ya zago gefena, ya tsaya cak a gabana. Na danna.

Ashe duk wahalar nan mutum biyu aikin yake so, ɗaya ya koro, ɗaya ya ɗauka.

Na nuna masa a bayan kyamarar. Ya daɗe yana kallo, ya ce, “Wannan a bishiyata yake?” Na ce, “Bishiyarmu dai.” Ya juya ya tafi da zartonsa. Har yanzu ban san abin da ya yanke ba, kuma duk sanda na ji ƙarar aiki daga shagonsa sai in leƙa bishiyar.

Babanki

'Yata,

Sallama da gaisuwa. Ni ne Kawunki Kafinta, ban iya dogon rubutu ba.

Na ji babanki yana cika baki a layi wai shi ya ɗauki hoton. Ki duba gefen hagu da kyau, wannan baƙin abin hulata ce. Ba don ni ba, har yau wutsiya yake ɗauka.

Zarton kuwa na yi aiki da shi, na yanka katakon firam na saka hoton. Ki wanko mana manya guda biyu, ɗaya na shago.

Kujeruna na mayar da su ƙarƙashin rumfa. Ki gaya wa babanki gobe ya fito da kyamararsa da wuri, ni ba na jiran mutum.

Kawunki