Ƙarshen Hirar Baba Lado da Kuka Yanke

Zuwa ga Shugaban gidan rediyon nan na Kano mai watsa shirin hira da dattawa kowace safiyar Asabar.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka baki ɗaya.

Sunana Habibu, ɗan Fagge ne ni, amma neman abinci ya ajiye ni a Guangzhou ta ƙasar Sin. Sana'ata haɗa wa 'yan kasuwarmu kaya. Su saro a kasuwar Canaan, ni in tattara, in ɗaure, in tsaya har a loda a kwantena jirgi ya tashi daga tashar ruwa ta Nansha. Ban saba rubuta wa manya a bainar jama'a ba. Na kira ofishinku har na gaji, na aika saƙonni, na tura ƙanena ya je da ƙafarsa aka ba shi kujera da ruwan sanyi aka sallame shi. Shi ya sa na fito fili. Ban ambaci sunan gidanku ba saboda ba tozarci na zo yi ba, kun dai san kanku.

1. Yadda abin ya faro

A watan Sha'aban da ya wuce mai gabatar da shirin naku ya zo garin nan. Sarin mayafai ya kawo shi na shagon maiɗakinsa, amma ya riƙo na'urar ɗaukar magana a jaka. Bayan an idar da Juma'a a Masallacin Huaisheng aka haɗa shi da ni. Ya ce yana so ya naɗi tarihin dattawanmu da suka fara zuwa nan tun ba a san hanya ba, kafin su ƙare. Maganar ta shige ni, domin kuwa ƙarewa suke yi, wasu sun koma gida, wasu mun binne su a nan.

Amma dattijon ɗan kasuwa ba ya son na'ura a bakinsa. Duk wanda muka tunkara sai ya ce yana da uzuri. Ni na bi su ɗaya bayan ɗaya, na ce gidan rediyon mutunci ne, na ce ni na tsaya musu. Alhaji Isufu mutumin Maraɗi ya yarda, wasu biyu suka biyo bayansa. Da bakina na ɗauki alkawari a madadinku, wannan ne ya ba ni hurumin rubuta wannan takarda.

2. Wane ne Baba Lado

Alhaji Ɗanladi sunansa, mu kuwa Baba Lado muke ce masa. Yana cikin na farkon zuwa. Ƙarfin kasuwarsa ya daɗe da raguwa, sai ɗan tafinta da yake yi wa sababbin zuwa a layin masu takalma. Duk wanda ya sauka garin nan daga Kano ko Yamai bai san gabas ba, wurinsa ake kai shi. Shi zai nuna maka inda ake samun naman halal, ya koya maka yadda ake ce wa mai shago lauban, wato maigida, ya hana ka yin murmushi idan kana son kaya. Kuma shi ke wanke mamatanmu idan ajali ya sami ɗayanmu a nan.

Yana da yaya guda ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, Hajiya Hajara, tana zaune a unguwar Kurna, can Kano. Shekaru masu yawa da suka wuce mahaifiyarsu ta kwanta ciwon ajali, aka yi ta aiko masa ya zo. Takardunsa sun ƙare a lokacin, ga kayan mutane a hannunsa, yana tsoron in ya fita ba zai iya dawowa ya sallame su ba. Ya ce bari ya kammala. Tsohuwa ta rasu tana kiran sunansa, Hajiya Hajara ce ta yi jinyarta ita kaɗai. Tun daga ranar ba ta sake ɗaukar wayarsa ba. Ya aika leshi, ta raba wa maƙwabta ko buɗewa ba ta yi ba. Ya aika mutane, ta karɓe su da abinci ta ce a bar zancen. Yanzu idanunta sun tafi, abokin zamanta rediyo ne, kuma tasharku take ji.

Da na fara kawo masa maganar hira, korata ya yi. Sai daga baya ya ji ko wace tasha ce da lokacin da ake sa shirin. Shi da kansa ya aiko a kira ni. Abin da ya ce mini ba zan manta ba: “Habibu, waya ana ƙin ɗauka. Rediyo kuwa babu sallama yake shiga ɗaki.”

3. Ranar da aka naɗi maganar

A ɗakinsa aka yi, can bayan kasuwa. Mun tarar ya sa farar babbar rigarsa ta Sallah har da turare. Na tsokane shi na ce Baba, rediyo fa ba ya gani. Ya ce shi ya san wa zai yi wa magana.

Ma'aikacinku ya yi ta tambayarsa yadda ake ciniki da Sinawa, da yadda farashi yake a da, da abin da ya fara ci da ya zo. Baba ya amsa komai da haƙuri, har ya ba da labarin yadda ya yi mako yana cin gurasa da shayi don tsoron abin da ke cikin miya. Aka yi dariya. Daga nan ya yi addu'a mai tsawo, aka shafa Fatiha. Ma'aikacinku ya miƙa hannu zai kashe na'ura, Baba ya dafa hannun ya ce a bar ta. Sannan ya dube ni ya ce in ɗan ba su wuri.

Ranka ya daɗe, kai Bahaushe ne, ba sai na koya maka ba. Dattijonmu ba ya fara magana da abin da ya kawo shi. Zai gaishe ka, ya tambayi iyali da gajiya, ya sha ruwa, a yi hirar duniya, a yi addu'a, ya miƙe ya sa takalmi. Sai ka rako shi bakin ƙofa sannan ya ce, “Af, dama akwai wata 'yar magana.” Wannan 'yar maganar ita ce tafiyar gaba ɗaya. Duk abin da Baba Lado ya faɗa kafin Fatiha gaisuwa ce kawai.

Na tsaya a waje, ban ji abin da ya ce ba. Na dai ga ma'aikacinku ya fito yana share ido da hannun riga, ya ce mini ko wannan ɓangaren kaɗai aka sa ya isa shiri. Baba kuwa da na koma ciki abin da ya ce kawai shi ne, “Na roƙi Yaya gafara. Saura ya rage gare ta.” Ranar na ga ya ci abinci sosai, abin da ya daɗe bai yi ba.

4. Ranar da kuka sa shirin

Bayan ƙaramar Sallah aka sanar da mu Asabar ɗin da za a sa. Safiyar Kano la'asar ce a wurinmu. Muka rufe harkokinmu muka taru a wani ɗan gidan abinci na 'yan gida, muka sa waya a cikin kwanon silba don sauti ya ƙaru. Tun da wuri na kira Auwalu, ɗan Hajiya Hajara, ya tabbatar mini tana zaune kusa da rediyo.

Muka ji muryar Baba tas. Farashi, ciniki, gurasa da shayi, addu'a, Fatiha. Ana cewa amin sai kiɗa ya tashi, aka shiga tallar maganin sanyi. Baba ya ɗaga hannu ya ce mu yi shiru, wataƙila bayan talla ne. Talla ta ƙare, aka sa wata. Aka shiga labarai. Bai motsa ba har aka gama labaran wasanni. Sannan ya gyara hularsa ya ce, “To, Allah ya sa haka ya fi alheri.” Ya fita, babu wanda ya iya bin bayansa.

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Da yamma Auwalu ya kira ni, muryarsa a sanyaye. Ya ce mahaifiyarsa ta saurara daga farko har ƙarshe. Da kiɗa ya tashi sai ta juya fuska bango ta ce, “Har a rediyo ma zancen kaya yake.” Ka gani, Ranka ya daɗe. Mutumin da ya yi shekaru yana neman hanyar kunnen yayarsa, da ya samu, kun mayar da shi wanda ya yi doguwar hira bai ambaci uwarsa ba. Kun ƙara wa ciwon gishiri, alhali magani aka ba ku ku kai.

5. Abin da aka ce mini da na bibiya

Ma'aikacinku ya rantse ya miƙa hirar cikakkiya ga sashen tace shirye-shirye. Mai tacewa ya ce da ya ji an shafa Fatiha ya ɗauka an gama, bai ƙara saurara ba. Katin na'urar kuma wai an goge shi an ɗauki wani taron siyasa. Sauran fata ɗaya, wai kwafin yana iya kasancewa a wata tsohuwar kwamfuta ta ofis, za a duba. Watanni ke nan ana dubawa. Mu nan kullum muna shan meyo a bakin Sinawa, wato babu, amma ko ba komai su a fuskarka suke faɗa maka ka kama gabanka.

Za ka ce me ya hana Baba ya sake faɗa a wayata in tura. Na roƙe shi, har na durƙusa. Ya ce, “Irin wannan magana sau ɗaya take fita, ɗana.” Na ƙyale shi ina cewa in ya huce zan sake gwadawa. Ban samu ba. Wata safiya aka tarar da shi a ƙasa, ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya tafi. Ya yi kwanaki a asibiti yana bin mu da ido. In na shigo sai ya ɗora hannunsa mai motsi a kunne, in girgiza kai, ya rufe ido. Allah ya karɓi abinsa a watan jiya. Mu muka wanke shi, muna yi muna tambayar juna me ke biyo baya, domin wanda ya iya ɗin shi ne a kwance. Alhaji Isufu ya ja mana sallah. Mun binne shi a nan, nesa da kabarin uwarsa.

Ina cikin baƙin ciki, ba zan ɓoye ba, kuma ina jin haushinku. Na san ba da gangan aka yi ba, na san lokacin shiri a ƙayyade yake. Amma kun ce tarihin dattawa kuke adanawa. Wanda ba shi da haƙurin jin tsoho har ya rufe baki da kansa bai kamata a ba shi almakashi ba.

6. Abin da nake roƙo

Na farko, ka ba da umarni da kanka a kunna kwamfutar nan a nemo hirar. In an samu, a sa abin da ya biyo bayan Fatiha a safiyar Asabar, yadda ya faɗe shi, ba kiɗa a ƙasa, ba a rage ko tari ba. A sanar da ni tun kafin ranar don in gaya wa Auwalu.

In kuwa ta ɓata har abada, to mutum ɗaya ya rage a duniya da ya ji maganar, shi ne ma'aikacinku. Ya tafi Kurna da ƙafarsa, ya zauna gaban Hajiya Hajara ya faɗa mata iya abin da ya riƙe, ba ƙari. Kuma ku faɗa a iska cewa ku kuka yanke, ba ƙanenta ne ya manta da ita ba. Wannan ba zai rage muku daraja ba.

Sannan hirar Alhaji Isufu da sauran biyun, da ba a ma sa ba har yau, ku saurare su har ƙarshe kafin ku taɓa, ku ba iyalansu kwafi. Su ma ban san abin da suka ajiye a bakin ƙofa ba.

Ina roƙon Allah ya ja zamaninka, ya yi maka jagora a wannan kujera, ya sa muryar gidanku ta zama sanadin haɗa zumunci. Allah ya jiƙan Alhaji Ɗanladi da mahaifiyarsa, ya sa mu cika da imani.

Ranar da na kira Kurna na yi ta'aziyya, Hajiya Hajara ta karɓi wayar daga hannun ɗanta, karo na farko da ta amsa kira daga ƙasar nan tun rasuwar mahaifiyarta. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, “Kai ne Habibun? Bai bar mini wata magana ba?” Na ce ya bari, Hajiya, tana gidan rediyo. Sannan ta ce ba za ta ce ta yafe ba, ba kuma za ta ce ba ta yafe ba, sai ta ji da kunnenta. Shekarunta sun ja, Ranka ya daɗe, ga hawan jini yana damunta. Auwalu ya ce duk Asabar tun da asuba take wanka ta sa kayanta masu kyau, ta tambaye shi ko yau ne.

Wassalam.

Naku,
Habibu mai haɗa kaya,
Guangzhou.